Litinin da Alhamis ɗin Sallau

Ku gyara zama. Akwai gardamar da ta gagari 'yan tasharmu, na kawo muku ita ku raba.

Sallau direban bas ne, shekara ashirin da biyu yana jigila tsakanin Funtuwa da Gusau, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Yana da ciwon suga, yana shan ƙwayarsa, ba wanda ya damu. Sai wata azahar, ya gama lodi, ya kama ƙofa zai shiga, ya yanke jiki ya faɗi, gumi na keto masa. Bayan kwana uku ya sake. Kun san bakin tasha, kafin la'asar an yanke hukunci cewa farfaɗiya ce. Ga lasisinsa ya kusa ƙarewa, ofis kuma suka ce ba za su sabunta wa mai faɗuwa ba sai da takardar likita. Sallau kuwa in ka raba shi da sitiyari ka gama da shi, ga iyali.

Mutum uku suka tsaya masa. Na farko Bawale ne, ɗan kamasho, abokinsa tun ƙuruciya. Ranar faɗuwa ta biyu Sallau ya farfaɗo, ya kaɗe riga, ya ce jiri ne kawai, zai ja. Fasinja sha takwas na zaune a ciki. Bawale ya zare makulli ya jefa aljihu, ya sauke mutane. Sallau ya zage shi tas a bainar jama'a, ya yi wata biyu ba ya amsa sallamarsa. Bawale ya shanye, bai mayar da makullin ba. Da ya bar shi, wataƙila da a hanya za a kwaso su.

Ta biyu Tabawa ce, mai tuwon tasha. A asibiti an yi ta gwaji ba a ga farfaɗiya ba, amma likita ya ƙi sa hannu, tunda bai san abin da ke kayar da mutumin ba. Ya tambaye shi ko yana cin abinci, ya ce yana ci. Ba ƙarya ya yi ba, da magariba yake ci. Tabawa ba ta yi boko ba, amma ta san cikin kowane direba. Ta rufe tukunya, ta bi shi har gaban likita, ta ce, "Ranka ya daɗe, faɗuwarsa huɗu, duk Litinin da Alhamis ne. Ranakun ne kwanonsa ke wuni a kife a rumfata." Ashe tun rasuwar mahaifiyarsa yake azumin nafila a ɓoye, gudun riya, ya haɗiyi ƙwaya da sahur, suga ya yi ƙasa ya kayar da shi.

Na uku Malam Jafaru ne, limamin masallacin tasha. Likita ya ce a ajiye azumin, a riƙa zuwa awo wata shida, in ba a sake faɗuwa ba zai sa hannu. Sallau ya kafe, ya ce don Innarsa yake yi, gara lasisin ya tafi. Malam ya yi sawu bakwai gidansa. A na ƙarshe ya ce, "Sallau, nafila ce, ba farilla ba, rayukan da ke bayanka kuwa amana ne. Ka ciyar a ranakun nan, ladan ya isa ga Inna." Sallau ya yi kuka, ya yarda.

Wata shida suka cika lafiya lau, likita ya sa hannu, lasisi ya fito. Da idona na ga Sallau ya durƙusa gaban Bawale yana neman gafara, ya zaga wajen sauran biyun yana godiya har muryarsa ta dushe. Ni ma sai da na share ido. Don murna ya rantse cewa a tafiyarsa ta farko, wanda ya fi yi masa rana shi zai zauna gidan gaba, kujerar kuwa ta mutum ɗaya ce.

Yanzu mota ta cika, inji na ruri, su ukun suna tsaye kowa na ce wa ɗan'uwansa ya shiga. To, wa ya fi cancanta Sallau ya buɗe wa ƙofar?