Jinin Gidan Iya Tabawa

"Sunana ne zai zo farko, Lantana."

"Naki? Yaya Barira, da hira aka auna jinin?"

Dakta Barira da Dakta Lantana ke nan. Su uku ne har da Dakta Ɗanjuma a sashen nazarin gadon halitta na wata jami'a, tare suka gano abin da ke kurmantar da yaran wani gida a ƙauye. Takardar binciken ɗaya ce, kujerar farfesa ɗaya ta rage, wanda sunansa ya zo farko shi zai hau ta.

Barira ce ta warware zuri'ar. An zana asalin gidan, gadon ciwon ya ƙi bin hanya, har an kusa watsar da aikin. Ita ta zauna tana taya Iya Tabawa, uwar gidan, ɓarar gyaɗa, ta lura duk matar da aka ce ta faɗi 'ya'yanta sai ta tsallake ɗan fari saboda kunya. Da aka mayar da 'ya'yan farin gurbinsu, hanyar ciwon ta fito fili.

Dakta Lantana ce ta tsare jinin. Wuta ta ɗauke, janareto ya mutu, ta kwashi kwalaben jinin a kula, ta bi masu ƙanƙara har kasuwar kifi da takalminta mai tsini. Ko ɗaya ba ta lalace ba, ga shi mutanen gidan sun rantse ba mai sake tsira musu allura.

Dakta Ɗanjuma kuwa, wata da watanni yana gaban na'ura har gilashin idonsa ya ƙara kauri. Shi ya tsinto ƙwayar halittar da ta sauya. Yanzu sai ya yi gyaran murya kafin ya ce "ina kwana". Barira kan kwaikwaye shi a ofis a yi dariya, amma ranar da ta ji ɗalibai sun kira shi Farfesa, dariyar ta ƙare mata.

Shugaban sashe ya gaji, ya aika a tambayi Iya Tabawa wa ya fi wahala. Ta ce, "In sun gama faɗan, a dawo mini da jinina. Tun bara nake jiri."

To jama'a, mai ɓarar gyaɗa, mai bin ƙanƙara, ko mai gyaran murya, sunan wa za a sa farko?