Tattasan Etelka da Raɓar da Ta Daskare

Akwai wata mata a ɗan garinmu na tsakiyar fili, sunanta Etelka. Mijinta Dezső ya dasa jan tattasai cike da gona, bai kai ga ganin ya nuna ba ya rasu.

Bayan jana'iza, Vendel, yayan mijin, ya ce mata, "Gonar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. In kaka ta yi, ki kira mu."

Ita kuwa ta ɗauka gonar yake wa kwaɗayi. A gaban mutane ta ce, "Yaya Vendel, ka ji da taka. Ranar da na zo ƙofarka roƙo, ka yi mini dariya."

Kakar bana ba ta da alƙawari. Yau rana kamar tsakiyar bazara, gobe ruwa da iska. Tattasai ya yi jajur, amma gona ta zama taɓo, ko tarakta ba ta shiga. Etelka ta riƙa tsinka ita kaɗai, tana jan buhu a laka, yatsunta duk sun tsage. Maƙwabta suka yi mata tayin taimako, ta ce a'a, ta gode.

Ran Alhamis da safe rediyo ya ce sanyi mai daskarar da raɓa zai sauka kafin wayewar gari. Kowa a garin ya san tattasan da ya kwana a irin wannan sanyi ya tashi daga aiki.

Ta duba gonar, ko rabi ba ta ci ba. Ta hau tsinka kamar mahaukaciya, tana yi tana kuka. Wajen tsakar rana santsi ya kwashe ta, ƙafarta ta gurɗe. Ta yi ta kiran sunan Dezső a fili, ba kowa sai iska.

Da ɗingishi ta isa gonar Vendel. Shi ma yana ta fama da nasa tattasan, shi da matarsa Piroska da surukansa.

Ya dube ta, laka har kunne. "Ashe kin san hanya?"

"Yaya, na zo. Yi dariyar, amma ka taimake ni."

Bai yi dariya ba. Ya dubi gonarsa, ya daɗe, sannan ya ce wa iyalinsa, "Ku kwaso buhuna."

Piroska ta ce, "Namu fa, Vendel?"

"Namu ni na dasa, kuma zan sake dasawa. Wancan Dezső ne ya dasa."

Suka nufi gonar Etelka, suka yi ta tsinka har ido ya daina bambance ja da kore. Suka kwashe kusan duka.

Da gari ya waye, fili ya yi fari fat da daskararriyar raɓa. Etelka ta dogara sanda ta je gonar Vendel. Abin da ya rage a can duk ya yi baƙi, ya langwaɓe. Ta tarar da shi tsaye, hannu cikin aljihu.

Ta ce, "Yaya, ban san me zan ce ba."

Bai juyo ba ya ce, "Da kin zo tun Litinin, Etelka, da gonakin biyu mun kwashe."

Darasi: Girman kai ba mai shi kaɗai yake cutarwa ba. Idan ka ƙi neman taimako sai lokaci ya ƙure, masu ƙaunarka ne za su yi asarar tare da kai. Ku tura wa wanda kuka san yana fama shi kaɗai ya ƙi yin magana.