Ranar da Kwaɗo Ya So Ya Mai da Kwari Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wani Kwaɗo a Kwarin Ɗinya, mai baki kamar maroƙi. Duk rani sai rafi ya ƙafe, shi kuwa ya shige taɓo ya yi zaman dole. Wata shekara ya ce ya gaji.

Ya sami Jaki ya ce, "Mu tare bakin rafi tsakanin duwatsun can biyu, kwarin nan duka ya zama tafki, ka huta da dakon ruwa." Jaki ya ce, "Na yarda." Ya ce wa Akuya, "Daga kwance za ki sha." Akuya ta ce, "Na yarda." Ya ce wa mutanen gari, "Kifi har ƙofar ɗaki!" Suka sa gayya ranar Laraba.

Inna Lanti, tsohuwa mai ginin tukwane, hankalinta ya tashi. Ɗakinta yana can ƙasan kwari, gindin ɗinyar da marigayi mijinta ya dasa, shi ruwa zai fara ci.

Ranar gayya, Inna ta zo da babban kasko. A ciki ta gina kwarin da yumɓu, har da rumbuna da itatuwa. Ta ce, "Ni ba na gasa tukunya sai na gwada ƙasar." Ta kwara ruwa har baki.

Ta nuna kaskon ta ce, "Jaki, ina harawarka?"

"Tana ƙarƙashin ruwa."

"Akuya, ina gawon da kike cin 'ya'yansa?"

"Yana ƙarƙashin ruwa."

"Jama'a, ina rumbunanku?"

Wani dattijo ya leƙa kaskon ya ce, "Suna ƙarƙashin ruwa, har da irin baɗi."

Kwaɗo, uban rashin kunya, ya faɗa cikin kaskon yana iyo, yana cewa, "Ku dubi daɗi!" Ashe Zalɓe ya hango ƙyallin ruwa daga sama. Ya kawo sura, da ƙyar Kwaɗo ya shige ƙarƙashin zanen Inna.

Inna ta ce, "Ɗana, wannan fa kasko ne. Ina ga tafki? Amma ƙishirwarka gaskiya ce. Ku biyo ni."

Ta kai su ramin da take haƙar yumɓu a bayan gari. Gayyar ta koma can, kwana uku ana haƙa. Damina ta faɗi, rami ya cika ya zama kududdufi. Jaki ya huta, Akuya ta sha, mata suka yi lambun albasa a gefe, Kwaɗo ya sami ciyawar ɓuya. Inna kuwa ta koma ɗakinta, ta zauna gindin ɗinyarta tana murna.

To 'yan jikokina, kafin ku tare ruwa, ku duba abin da zai kwanta a ƙarƙashinsa.

Ƙurunƙus kan Zalɓe! Wanda ya yi gyangyaɗi, da safe shi zai ɗebo mana ruwa.