Wanda Ya Kori Kawunsa Daga Ofishin Kashe Gobara

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, bakanike ne mai albarkar hannu. Mahaifinsa ya rasu tun yana rarrafe, kawunsa ne ya raine shi, ya kai shi koyon sana'a, ya yi masa aure. Kawun nan shi ne shugaban ofishin kashe gobara na garin, shekara ashirin da wani abu yana wannan aiki.

Sai siyasa ta kankama. Aka ga mutumin nan ƙato ne, ga murya, ga samari suna jin maganarsa, aka ba shi jagorancin 'yan bangar jam'iyya. Ya rufe gareji, ya koma Kwamanda. Wallahi na gaji da ganin irin wannan. Mutum da sana'arsa, a miƙa masa gora da riga mai hoton wani, ya ɗauka ya samu matsayi.

Da jam'iyyarsu ta ci zaɓe, yaransa suka ce sun sha rana sun sha duka, yanzu lokacinsu ne. Suka riƙa bin ofisoshi suna korar ma'aikata suna zuba nasu. 'Yan sanda na kallo, don ko sun kama mutum, waya ɗaya za a buga a sake shi. A haka har layi ya zo kan ofishin kawu.

Kwamanda ya so ya kauce. Yaran suka ce wato na kowa a taɓa, nasa ne ba a taɓawa? Ya ji tsoron girmansa ya zube a idonsu. Da safe ya shige gaba, ya tarar da tsohon a tsugune yana duba tiyo. Ya kasa haɗa ido da shi, ya ce umarni ne daga sama. Kawun bai yi musu ba. Ya miƙa makullai, ya roƙi abu ɗaya: kada a bar tankin mota babu ruwa, kuma a riƙa tayar da injin kowace safiya.

Wa ya saurara? Motar ta koma ta rakiyar manya, ana buga jiniya a wurin taro. Waɗanda suka san aikin suka watse neman abinci.

Wata rana da azahar wuta ta tashi a layin teloli cikin kasuwa. Sai da aka tura motar kafin ta tashi. Da ta iso, tanki wayam, 'yan cikinta ko haɗa tiyo ba su iya ba. Shaguna sama da ɗari biyu suka ƙone, mutum bakwai suka rasu, Kwamanda na tsaye yana kallo.

Manyan jam'iyya suka ce ba su taɓa saninsa ba. Yaransa suka naɗa wani. Ko kotu ba a kai shi ba, kuma hakan bai zame masa sauƙi ba. In ya miƙa hannu a masallaci sai a kau da kai. Matarsa ta kwashe 'ya'yanta ta tafi. Ya buɗe gareji, ko mai keke bai tsaya ba.

Abu ɗaya ya rage yana nema a duniya, a yafe masa. Ya je ya durƙusa gaban kawunsa yana kuka. Tsohon ya ɗago shi ya ce, "Ni tun ranar na yafe maka, ɗana. Amma ofishin nan ba nawa ba ne, riƙo aka ba ni. Je ka nemi masu shi."

Su wane ne masu shi? Ya fara bin waɗanda gobarar ta shafa gida-gida. Wannan ya tashi daga garin, wancan baƙin ciki ya kashe shi. Wata da mijinta ya ƙone ta ce a gaya masa ba ta nan, alhali yana jin muryarta. Ya shekara shida yana yawo, ya rame kamar sanda. Ya rasu bai kai ga rabinsu ba.

Ya 'yan uwa, in ka zalunci mutum ɗaya ka san ƙofar da za ka buga. In ka rusa ma'aikatar jama'a, gari guda ka zalunta, har da waɗanda ba ka taɓa gani ba, kuma kowannensu zai tsaya ranar hisabi yana jiran haƙƙinsa. Wanda ya ba ka gorar ba zai ɗaukar maka ko ɗaya ba. Kullum muna faɗa, kullum zaɓe ya zo sai mu ga 'ya'yanmu a bayan motar 'yan siyasa riƙe da gora.

Allah ya kiyaye mu da ɗaukar haƙƙin da ba mu san masu shi ba, ya shirya mana zuriya. Amin.