Makin Fadamar Zauro

An yi wani mutum a nan Birnin Kebbi, ba zan kama sunansa ba, don iyalinsa suna cikinmu. Malamin lissafi ne a wata sakandare, yana kuma da gonar shinkafa a fadamar Zauro. Noma ba laifi ba ne, ya 'yan uwa. Ku dai biyo ni.

Kun san yadda makarantu suke yi. Ba a barin yaro sai ƙarshe a gwada shi. Ana yi masa ƙananan gwaje-gwaje tun ana cikin zango, a tara makin, don malami ya ga inda yaro ya yi rauni tun da sauran lokacin gyara.

To shi bawan Allahn nan sai ya mai da makin ladan aikin gona. Gwaji dai ba ya yi. Wanda ya je masa dashe ranar Asabar, maki. Wanda ya wuni cikin rana yana korar tsuntsayen jan baki, maki mai tsoka. Jarrabawar ƙarshen zango kuwa shi ke tsarawa, shi ke dubawa, wa zai ce masa don me? Yara suka gane hanya, suka ajiye littafi. Wani abokin aikinsa, Malam Atiku, ya ja shi gefe ya yi masa nasiha. Bawan Allahn nan ya ce masa, "Malam, bar ni in taimaki yara su taimake ni."

A ajin nan akwai ɗiyarsa ta cikinsa, Hanifa. Burinta ke nan ta shiga makarantar koyon aikin jinya, kuma ba a shiga sai da lissafi. Ita ba ta zuwa gona, amma kullum makinta a cike, ai ɗiyar malam ce. Yarinya ta gaskata. Me zai sa ta ƙi gaskata ubanta? Ta saki jiki da lissafi, ta duƙufa kan sauran darussa.

Aka zo jarrabawar fita sakandare. Daga waje tambayoyi suka zo, a waje aka duba. Mai dubawa bai san Zauro ba, bai taɓa cin shinkafar kowa ba.

Sakamako ya fito, ajin nan kusan kaf sun faɗi lissafi. Iyaye suka yi ca, aka yi bincike, yara suka faɗi gaskiya, aka sallame shi daga aiki. Wannan duk ya shanye.

Hanifa ta ci kowane darasi ban da guda. Ta same shi a tsakar gida, ba kuka, ba ɗaga murya, ta ce, "Baba, ba kai kac ce na iya ba?"

Ƙawayenta suka wuce makarantar jinya. Ita ta roƙi a kai ta Argungu wurin gwaggonta, wani malami can ya fara mata lissafi daga tushe. Ubanta malamin lissafi ne, yana zaune a gida ba aiki, amma ba ta yarda ya koya mata ba.

Ya 'yan uwa, maki shaida ce. Malamin da ya ba yaro makin da bai ci ba, shaidar zur ya yi, ko da kuwa yana ganin tausayi ne. Ya ɓoye wa yaro ciwonsa har lokacin magani ya wuce. Ku malamai, ku gwada su da gaskiya. Ku iyaye, ku daina roƙon maki.

Allah ka kiyaye mu da cin amanar 'ya'yan mutane, ka kiyaye mu da ranar da namu za su tambaye mu, mu rasa amsa. Amin.