Kalma Ɗaya a Siniman Shubra

Ustaz Wagdi, marubucin labarin fim a unguwar Shubra ta Alƙahira, ba ya zama a gidan shayi sai ya bugi ƙirji: "Ni zurfin cikina ya fi Kogin Nilu. Wata takwas jami'an tsaro suka tsare ni, ko atishawa ba su samu ba!" Aibinsa ɗaya, bai iya jure a taɓa masa kalma a rubutunsa.

Tun da gwamnati ta hana shi rubutu saboda ra'ayinsa, sai ya koma yi a ɓoye, ana sa sunan ƙanen matarsa, Ramzi mai gyaran rediyo, wanda ko wasiƙa zai rubuta sai ya jiƙe da gumi. In asiri ya tonu su biyun za a kwashe, ga Ramzi da 'ya'ya huɗu.

Ranar fara nuna sabon fim ɗin da ya rubuta, matarsa Nawal ta tare ƙofa. "Maigida, don girman Allah ka zauna gida. Na san bakinka."

"Bakina? Dutse ne, Nawal!"

Da la'asar sinima ta cika maƙil. Ramzi na zaune kusa da Wagdi cikin kwat ɗin aro. "Yaya, dubi layin gaba," ya raɗa masa. Wagdi ya duba. Jami'in da ya yi masa tambayoyi lokacin da yake tsare ne, yana ɓare gyaɗa abinsa.

Wagdi ya cusa hankici a baki. Awa biyu ko tari bai yi ba. Sai ƙarshen fim ya zo, inda wani tsoho mai kwale-kwale zai ce, "Kogin ya gaji." Kwana tara Wagdi ya yi yana neman wannan kalma. Tsoho ya buɗe baki ya ce, "Kogin ya cika."

Hankici ya yi tsalle. "Ya gaji!" Wagdi ya miƙe yana ihu. "Wane jaki ne ya taɓa min kalma? Ya gaji na rubuta!"

Aka kunna fitilu. Ramzi ya sulale ƙarƙashin kujera. Jami'in ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa, ya juyo.

"Jakin ni ne, Ustaz. Ni na sa aka canja ta, don na san mai ita zai zo nemanta."

Darasi: mai karatu, in ran wani na rataye a bakinka, haɗiye girman kanka ko da zai shaƙe ka. Wagdi ya ceci kalma ɗaya, ya tona asirin gida biyu.