Goron Baba Sa'ad Mai Wotoro

Jama'a, wannan da idona na gani! Ina zaune a wurin, ƙafata ɗaya bisa buhun albasa.

Akwai wata budurwa, Lailatu, haihuwar Abidjan, tana taya uwarta sayar da zoɓo a kasuwar Adjamé. Faransanci kam ba a magana. Sai wata lekol, wato makaranta, a unguwar Arras can Treichville, ta nemi mai koya wa yara Turanci. Lailatu ta nemi aikin, ranar Litinin za a gwada ta gaban direkta, shugaban makarantar. Idan ta faɗi, a ɗauki wata.

Abin da ya hana ta sakat ƙananan kalmomin nan ne, su "in", su "on", su "under". Tambayar aji mai sauƙi, wai ina littafi yake, sai ta rasa wacce za ta sa a amsa. Ni kada ku tambaye ni. Turancina "kam" ne da "go", amma da su na zaga Ghana kaf.

Akwai kuma wani tsoho, Baba Sa'ad, mai tura amalanken dako, wato wotoro. Kowa "kai mai wotoro" yake ce masa. Lailatu kaɗai ke kiransa Baba, ta jawo masa benci, ta miƙa masa zoɓo mai sanyi.

Ranar Asabar ya iske ta tana hawaye a kan takarda.

"'Yata, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Baba. Angile ɗin nan, Turancin nan, shi ne zai kashe ni."

Ya karɓi takardar, ya nisanta ta da ido, ya karance ta tsaf. Saura kaɗan zoɓo ya shaƙe ni! Ashe shekara goma sha biyu ya yi yana koyarwa a firamare a Katsina.

"Ajiye takardar nan," in ji shi. "Miƙo ƙwarya."

Ya ciro goro ya jefa ciki, ya tambaye ta da Turanci ina goro. Ya ɗora shi kan wotoro, ya sake tambaya. Ya tura shi ƙarƙashi. Duk kuskure ɗaya sai ya gutsuri goron.

"Yi hankali, 'yata, kayan aikin na ƙarewa."

'Yan kasuwa na ta kiran wotoro, ya ce yau an rufe. Har la'asar. Goro uku ya ci, na huɗu ya tsira, ya ba ta shi.

Litinin ta hau gbaka, ƙaramar bas ta haya, da ƙwaryarta, ni ma na bi, na leƙa ta taga. Wadda aka fara gwadawa ta cika allo da rubutu, yara na hamma. Lailatu ta ɗora goro a kan teburin direkta ta jefa tambaya. Aji ya ɗauka gaba ɗaya! Ta mirgina shi ƙasa, direkta da kansa ya rarrafa ƙarƙashin tebur, yara na ihun amsa.

Ta samu aikin. Ta dawo ta durƙusa a tsakiyar kasuwa.

"Baba, na gode. Na faɗa wa direkta wanda ya koya mini. Yana son ganinka Laraba."

Tsoho ya juya baya yana goge ido. "To, ina gorona?"

"Direkta ya cinye."

Yau Metir Sa'ad, wato Malam Sa'ad, ake ce masa a Arras, shi ke horar da malaman lekol ɗin. Alhamdu lillahi.

Darasi: Kada ka raina mai tura kaya, ba ka san abin da ke cikin kansa ba. Ka girmama shi tun ba ka buƙatarsa. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta. Sai dai rarrafen direkta, wannan ni na ƙara, Allah ya yafe mini.